Ƙwaryar Dudu Ta Ƙi Shuɗi

Ranar kasuwar Gidan Rumji, tsakiyar bazara, aka hana masu nono buɗe ƙwarya.

Yara biyu ne a wani gida suka sha fura da nono, suka wuni suna amai, miyau na zuba. An kai su likita, sun warke. Maganar ce ba ta warke ba. Aka ce makiyaya na fesa wa shanu maganin kaska, su tatsa ba su jira ba, gubar ta biyo nono. Amadu, sarkin kasuwa, ya aika Maradi a turo mai gwadawa. Aka turo Safina.

Gajera ce, ba ta kai talatin ba. A wani ɗakin gwaji take aiki. Ta sauko daga mota da jaka ɗaya, ta zauna a benci ƙarƙashin itacen bedi, gaban layin matan, ta jera ƴan kwalabe.

Amadu ya sunkuya ya dubi ɗaya. Wani abu ne kwance a gindin ruwa kamar baƙin tukunya.

"Madam, wanga ne likitan?"

"Shi ne, Baba. Garin ƙarfe ne. Ƙwayarsa ɗaya ido ba ya ganinta. In na haɗa shi da wannan farin ruwan, sai ya rina shi shuɗi. Aikinsa kenan. In akwai maganin kaska a nono, maganin zai lulluɓe ƙwayoyin, shuɗin ya ƙi zuwa."

"Shuɗi lafiya. Fari guba."

"Kusan haka."

Bai tsaya kan "kusan" ɗin ba. Ya juya ya shelanta wa jama'a yadda ya ji.

Ita da Faruku, babbansu a ɗakin gwajin, suka dafa garin da hannunsu. A takarda sunansa nanozim, wato mai kwaikwayon anzim. Sun taɓa barin kwalba ɗaya a kan rufin kwano har bazara ta wuce. Da suka sauko da ita, ta yi aiki kamar ranar farko. Abin da Safina ke so a gare shi kenan. Ba ya neman sanyin firigo, ba ya jiran wutar kuran. Kamar don ƙasa irin wannan aka yi shi.

Ta bi layi. Ludayi ɗaya daga kowace ƙwarya, ta tace, ta ɗiga, ta girgiza. Shuɗi. Ta gaba ma shuɗi. Na Laraba, shugabar matan, ya fito kamar ruwan marina.

"Sarki, ka gani da idonka," in ji Laraba. "Zo ka sha, ko Allah ya sa ka yi ƙiba."

"Tun ina saurayi nike shan naki. Ga ni nan kamar kara."

"Kara ma in ya samu ruwa yana tohuwa. Kai ne ba ka da albarka."

Aka yi dariya. Safina ta isa ƙarshen layi.

Can Dudu take zama. Doguwar mace, matar Jaye, mai ruga a bakin gulbi. Ta fi kowa daɗewa a layin. Ba ta kiran ciniki. Mai son nonon saniya na gaskiya ya san inda zai same ta, ya tsuguna, ta auna masa.

Safina ta ɗiga, ta girgiza. Shuɗin ya leƙo kaɗan ya koma. Ruwan ya tsaya fari.

Ta ɗauki sabuwar kwalba ta sake. Haka.

Dariyar ta mutu daga wannan bakin layi zuwa wancan. Dudu ba ta dubi kwalbar ba. Ta jawo faifai ta rufe ƙwaryarta a hankali.

"To," in ji Amadu. "An gani."

"Ba a gani ba tukuna, Baba."

"Ke kika ce fari guba."

"Na ce kusan." Ta miƙe. Tsayuwar ba ta ƙara mata tsawo sosai ba. "Garin ƙarfen nan ba ya tsoron rana, amma bai iya gane fuska ba. Yana cewa wani abu ya riƙe masa hannu. Bai san ko mene ne ba. Akwai wanda ya sani. Sunansa anzim. Daga jikin mai rai ake ciro shi, namu daga wani kifi mai wuta irin ta minjirya. Irinsa ne maganin ke kashewa a jikin kaska, shi ne kuma yake taɓawa a jikin yaro. Shi ba a ruɗa shi da sauƙi."

"Ina shi?"

"Yana firigo a Maradi. Zafi na kashe shi."

"Likita mai tsoron rana," in ji Amadu. Wasu suka yi murmushi.

Labari ya riga ya kai kasuwar shanu. Jaye ya iso da sanda a kafaɗa, ya tsaya bayan matarsa. Hausarsa a hankali take fita.

"Kaska da hannu nike cire ta, in sa a wuta. Ban taɓa fesa wa saniyar tatsa komi ba. Wanda ya gani ya faɗa."

Babu wanda ya gani. Babu kuma wanda ya ɗauke ido daga farar kwalbar.

Amadu ba mugu ba ne, mai tsoron a ce ya yi sake ne. Ya sa aka raba ragowar nonon kwalba biyu. Ɗaya ya ba Safina. Ɗaya ya ɗaure bakinta da kansa, ya ce a kai wa mai sayar da ƙanƙara ya ajiye masa.

"Kasuwa mai zuwa, nan gaban kowa, da wannan tawa za ki gwada. Kafin azahar. In ba ki nuna mana wani abu ba, Dudu ta bar layin nan har abada. Yau ma ta ɗauki ƙwarya."

Dudu ta ɗora gammo, ta ɗauka. Ta bi ta gaban matan, bayanta a miƙe. Babu wadda ta ce mata sauka lafiya.

Washegari a Maradi Safina ta buɗe firigo ta ciro anzim. Ƴar kwalba ce kamar ɗan yatsa. Shi gwajinsa ruwan ɗorawa yake bayarwa. In anzim na da rai, ruwa ya yi ɗorawa. In guba ta kashe shi, ruwa ya tsaya fari. Ta kashe tsamin nonon, ta haɗa, ta jira.

Ɗorawa, sarai.

"Sake," in ji Faruku.

Ta sake. Faruku ya cire tabarau ya dubi kwalbar garin ƙarfen yadda uba ke duban ɗan da aka kawo ƙararsa.

"Bai taɓa yi mini haka ba."

"Bai taɓa zuwa kasuwa ba."

Suka wuni suna nema. Sabulun wanke ƙwarya, hayaƙi, gishiri. Babu wanda ya hana shuɗi. Da la'asar, tunda ta tabbata babu guba, Safina ta sa ɗan yatsa a nonon ta lasa. Akwai wani tsami a bayan tsamin. Akwai ɗan gari-gari a harshe. Ta san shi. Tana ƙarama, a ƙofar lakol, makarantarsu ta boko, shi suke tsotsa har haƙora su mutu.

Ta fita bakin titi ta sayo ƴaƴan kuka. Ta fasa ɗaya, ta jiƙa farin garin, ta ɗiga a kwalbar da ta riga ta yi shuɗi. Shuɗin ya ɓace tana kallo.

Faruku ya zauna ya yi dariya har da tari.

"Bitamin ɗin lemun tsami. Kuka ta fi lemu shi. Yaron ya yi rininsa, aka bi bayansa aka goge." Ya mayar da tabarau. "Ki faɗa musu, Safina. Ki tafi da kuka ki nuna musu a gaban kowa. Ƴan Agiye da Gazawa na jiran jin yadda ta kaya. In Gidan Rumji ta ce garin ƙarfenmu maƙaryaci ne, maganar za ta riga mu isa can."

"Sai na ga mai ƙwaryar."

Ta je rugar su Dudu a tsakiyar mako, da hantsi. Gulbin yashi ne zalla. Shanun na tsaye a inuwar gawo, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Dudu na zaune tana kankare ƙwarya. Ta ɗago, ta gane ta, ta ci gaba da kankara.

Safina ta san in ta shiga da gaisuwar ma'aikata, da ita za ta fita. Kakarta Babarbariya ce, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, irin wanda ba a fushi da shi.

"Salamu alaikum. Ina bayin gidan nan? Uwargijiyarku ta zo tun daga Gure, ko tabarma babu."

Hannun Dudu ya tsaya. Ta dube ta daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Shi ya sa. Na ce wagga gajarta ba ta banza ba ce. Zauna, baiwa. Kin zo ki ƙarasa ni?"

"Na zo in ga ko kin iya ba baƙo ruwa."

"Babarbare ba baƙo ba ne, kaya ne." Ta miƙa mata ƙoƙo.

Safina ta sha, ta ajiye.

"Inna, babu guba a ƙwaryarki."

"Na sani."

"Amma kina yi wa kuka satar ƴaƴa."

Da wani ne ya faɗa, da maganar ta ƙare a nan. Dudu ta dakata da kankara. Ta waiga can inda Jaye ke yanko wa shanu ganye, ya yi nisa, ba zai ji ba.

"Dube su," ta ce. "Mi za ki tatsa a nan? Abin da suka bayar ko rabin ƙwarya bai kai ba. In na ƙara ruwa ya zama tsararo. Kuka ke kama shi. Haka uwata ta yi a shekarun wuya, haka tata uwar. Damina na sauka nike bari."

"Sauran matan fa? Nasu ya yi shuɗi."

"Shanunsu a kanti suke, cikin buhun madarar gari. Ba su san rani ba." Ta ci gaba da kankara. "Ni ban ce komi ba."

"In na nuna wa kasuwa kuka ce, kowa zai gane. Kuka ba ta kashe kowa."

"Za ta kashe shi." Ta nuna Jaye da haɓa. "Nono nawa ne, ba ya tambaya. Amma shanu nasa ne. Ki tsaya tsakiyar kasuwa ki ce shanun Jaye ba su cika ƙwarya, sai matarsa ta roƙi itace? Gara a ce guba. Guba ƙarya ce, ya san ƙarya ce, zai iya ɗauka." Ta ɗago ido. "Ki ce musu babu guba, ɗiyata. Sauran ki bar mini."

Safina ba ta yi alkawari ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Ruwanku ma ɗumi ne," ta ce.

"Na bayi ne."

Ranar kasuwa ta fito da sassafe. Ta kwantar da anzim cikin kula, akwatin riƙe sanyi, ta cika da ƙanƙara, ta rungume a cinya. A jaka akwai ɗan kuka ɗaya da Faruku ya sa mata da hannunsa.

Motar ta cika da buhuna da awaki. Ba su yi rabin hanya ba taya ta fashe. Ta canji ma babu iska. Direba ya tare wata mota ya koma Maradi da tayar, ya bar su a bakin kwalta, wurin da babu itace ko ɗaya.

Rana ta hau. Safina ta tsuguna a ɗan inuwar motar, ta girgiza kular kusa da kunne. Da farko ƙanƙara na ƙara. Can sai motsin ruwa.

Abin da ke damunta ɗaya ne. Anzim ɗin da zafi ya kashe da wanda guba ta kashe kamarsu ɗaya: farin ruwa. Ita za ta san bambanci. Kasuwa ba za ta sani ba. Za su ga fari karo na biyu, kuma babu wanda zai jira na uku. Ta yi tunanin abin da ke cikin kwalbar. Abu ne da aka raba da jikinsa, aka tsallako da shi teku, bai san komi a duniya ba sai aiki ɗaya, kuma ya san shi fiye da duk abin da hannun mutum ya ƙera. Shekaru suna dafa ƙarfe don ya kwaikwaye shi. Ga shi yanzu ransa na hannun ruwan sanyi kofi biyu.

Ta cire mayafi, ta juye masa ruwan shanta duka, ta naɗe kular. Ta tsaya a kan kwalta ta tare ɗan kabu-kabu a kan babur, mai ɗauke da kaji.

"Babu wuri, Hajiya."

"Kajin su matsa. Kuma ka yi gudu, iska nake so."

Ta hau, ta ɗaga kular sama da kafaɗarsa don iska ta bugi jiƙaƙƙen mayafin. Haka suka shiga Gidan Rumji, hannayenta sun sage, gashin kaji a hijabinta.

Inuwar bedi ta kusa komawa gindinsa. Jama'a sun fi na wancan mako. Dudu na tsaye nesa da layi, babu ƙwarya. Jaye na bayanta. Amadu na riƙe da kwalbarsa, ɗaurin na nan yadda ya yi shi.

"Madam, mun ce ko likitan ya suma a hanya."

"Yanzu za mu gani, Baba."

Ta buɗe kula. Babu ƙanƙara ko ƙwaya. Ta tsoma yatsa. Da sauran sanyi, kaɗan.

Ta jera kwalba uku, ta yi magana da ƙarfi yadda na baya za su ji.

"Wannan launinsa ɗorawa ne, ba shuɗi ba. Ta farko ruwa ne zalla, don mu ga ko yana da rai. In ta ƙi ɗorawa, rana ce ta kashe shi, ba laifin kowa ba."

"In ta ƙi, ta ƙi," in ji wani daga baya.

Ta ɗiga. Ruwan ya tsaya fari. Ta riƙe kwalbar a inuwar jikinta. Wani yaro ya yi tari. Laraba ta gyara zama. Safina ba ta girgiza ba, ba ta ɗago kai ba. Sai can daga ƙasa wani launi ya soma tasowa, kamar an wanke hannu mai ɗorawa a ciki. Ya ƙaru. Ya zauna.

Ta ɗaga kwalbar sama, kowa ya gani.

Ta biyu, ta sa Amadu ya aika a karɓo maganin kaska wurin mai sayarwa. Ta tsoma bakin tsinke, ta taɓa ruwan, ta ɗiga anzim. Suka jira fiye da jiran farko. Fari fat.

"Kun ga aikin guba," ta ce. "Baba, kwance taka."

Ya kwance da haƙori. Ta tace a gabansa, ta kashe tsamin, ta haɗa. Ta miƙa masa kwalbar ya riƙe da kansa.

A hannunsa ta yi ɗorawa. Ya ɗaga ta sama, ya kara da ta farko. Ba a gane wace ce wace ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya.

"Dudu, wurinki na nan. A gafarce mu." Ya dubi Jaye. "Kai ma."

Jaye ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya sauke sandar daga kafaɗa, ya dogara a kanta.

"To, Madam," in ji Amadu, murya ta dawo masa. "Kenan wancan baƙin naki maƙaryaci ne. Mi ya gani a ƙwaryar baiwar Allah da ya ƙi ta?"

Kowa ya juyo. Jakar na gefen ƙafarta, ɗan kukan na ciki. Fasawa ɗaya, ɗigo ɗaya, a wanke garin ƙarfen daga zargi a gaban kasuwa duka. Ta tuna kwalbar da ta yi bazara a kan kwano. Ta tuna Faruku da tabarau a hannu.

Dudu na kallon ƙasa.

"Yaro ne, Baba," in ji Safina. "Yana da ƙarfi, bai gama wayo ba. Ya ga abin da bai sani ba ya tsorata. Shi ya sa in ya ce fari, ba a hukunci sai an tambayi babba."

"Mi ya gani?"

"Aikinmu ne mu koya masa. Ba na kasuwa ba ne."

"A mayar da shi lakol," in ji Laraba. "Ya maimaita aji."

Dariya ta tashi. Kafin Safina ta gama haɗa kwalabe ta ji an soma kiran garin ƙarfen da sabon suna a layin masu goro, Mai-tsoron-Fulani. Ta san kafin kasuwar Cadawa ta ci, sunan ya isa can. Yaran nan biyu kuma har yanzu ba a san abin da suka ci ba. Ta gaya wa Amadu a duba inda gidan ke ajiye maganin ƙwari da wake. Ya ce zai aika.

Tana tasha tana jiran mota ta cika, Dudu ta zo. Ba ta gaishe ta ba. Ta ciro wani ƙulli daga cikin zane, ta ajiye mata a cinya, a kan kular. Safina ta taɓa. Gari ne, mai laushi, da ƴan ƙwallaye a ciki.

"Na itacen bayan ruga ne," in ji Dudu, can ƙasa. "Ya fi na kasuwa tsami. Ki ba yaron naku ya sansana, ya san shi. Kada ya sake kunyata wata."

"Bafulatana da kyauta. Yau za a yi ruwa."

"Ba kyauta ba ce. Aiki na ba ki, baiwa."

Ta juya ta nufi layin nono, ko da babu ƙwarya a kanta. Safina ta bi ta da ido har ta zauna a ƙarshen layi, inda take zama. Ta sa ƙullin a jaka kusa da ɗan kukan Faruku, ta ciro waya. Ta daɗe tana duban sunansa kafin ta danna.